Na'urar da Ba Ta Ganin Goyo

Tun da na dawo daga ƙasar Kebbe abokan aiki suka hana ni sakat. In na shiga ofishin malamai tambaya, in na zauna majalisa bayan la'asar tambaya. Malam Lawal mai koyar da lissafi har cewa yake wai na je na ci daɗin wata ƙungiyar agaji ne shi ya sa na dawo ina ɓoye baki. Gaskiyar magana bakin ne ya yi mini nauyi, don duk sanda na fara labarin sai wani ya sako raha a tsakiya, ni kuma raina ya ɓaci. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, mai so ya karanta, ni kuma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru, malamin kimiyya ne ni a wata sakandare a nan Tambuwal, kuma tun ina saurayi nake da ƙaiƙayin hannu wajen kwance rediyo. Ina da taubashiya, Saratu, 'yar kawuna, malamar asibiti ce a wani ƙauye can gaba da Fakku. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ni da Saratu ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba, in ta kira ni a waya da "malamin tsumma" take farawa. Ranar da ta kira ni ana tsakiyar marka, muna hutun makaranta, sai na ji ta ce, "Nasiru, ina wuni." Nan take na gyara zama.

Ta ce, "Wata na'ura anka kawo muna. Ka zaka ka duba ta don Allah. Ɗiyan mutane taka hana ma abinci."

Ga yadda abin yake. Wata ƙungiya ce ke aiko musu da abincin yara masu tamowa, wannan mai kama da markaɗaɗɗiyar gyaɗa a cikin 'yar leda. A da an riƙa ganin abincin a kasuwa, sai ƙungiyar ta daina yarda da ƙidayar ɗan Adam. Aka kawo munduwa ta roba aka ɗaura wa kowane yaro a ƙafa, aka kafa na'ura a ƙofar asibitin. In uwa ta wuce da ɗanta sai na'urar ta yi ƙara, ta aika wa ofishinsu na birni cewa wane ya zo. Yawan yaran da ta gani, yawan kwalayen da za a aiko. Wanda ta jima ba ta gani ba kuwa sai a ɗauka an daina kawo shi, a cire shi. Saratu na ganin mata da idonta suna shigowa, na'ura na cewa ba su zo ba. Ta yi ƙorafi, an ce mai gyara zai zo in ruwa ya ɗauke. Kafin nan ita ke raba rabon yaro ɗaya ga biyu.

Washegari na zuba mitar auna wuta da 'yan wayoyi da filaya a jaka na nufi tasha. Motar Kebbe ba ta cika da wuri ba, da ta cika kuma sai ta wuce cika. An matse ni tsakanin wani dattijo mai buhun gishiri da wata mata mai kaji, direba kuwa yana ta rantsuwa cewa hanya lafiya lau. Ba mu yi nisa ba muka kafe a taɓo. Maza muka sauka turi, tayar ta yi mana wanka, takalmina ɗaya ya nutse, sai da na zura hannu har gwiwa na lalubo shi. Dattijon nan ya dube ni ya ce, "Malam, da ka sani da ka bar wankin ga sai kaka." Ban yi dariya ba, amma ya ba ni goro.

A wajen da ƙasarmu ta ƙare ta Kebbe ta fara, muka tarar da shingen 'yan sa-kai. An gindaya gungume a hanya, kowa ya sauka da kayansa. Da suka buɗe jakata suka ga wayoyi ja da baƙi da mita mai allura, sai fuskoki suka sauya. Wani dogo mai bindigar toka ya ce, "Wanga mine na? Wa kaka kai ma?" Na ce ni malamin makaranta ne. Ya ce ai masu kai wa mutanen daji labari ma ba su rubutawa a goshi. Na so in yi fushi, amma na dubi idanunsa na ga mutum ne da ya daɗe bai yi barcin kirki ba, sai na haɗiye. Direba ya sa baki, dattijo mai gishiri ya ce ya san mahaifina, ko da yake ban tabbata ya san shi ba. A ƙarshe sai da na gwada musu batirin fitilarsu da mitar, suka ga allura ta motsa, sannan aka janye gungume.

A Kebbe mota ta ƙare, sai kabu-kabu. Na samu wani magidanci, Ɗan Ige, wanda ya yarda ya kai ni da sharaɗin kada in tsaya gaisuwa a hanya, don yana so ya juyo da sauran rana. Mun wuce gonaki, wasu dawa ta yi kyau, wasu ciyawa ta cinye su. Na tambaye shi masu gonakin, ya ce, "Sun tashi." A wani rafi da ya kawo, ƙarti suka ɗaga babur a kafaɗa suka haye da shi, ni kuma na naɗe wando na ɗora jaka a ka, ina salati ina zamewa. Muka bi ta Fakku ba mu tsaya ba. Da muka isa ƙauyen ji nake kamar ƙafafuna ba nawa ba ne.

Mai gari ya sauke ni a wani ɗaki kusa da zaurensa, rufin yana yoyo a kusurwa ɗaya, aka ce in ja tabarma ɗaya kusurwar. Aka kawo tuwon dawa da miyar sure, babu ko ɗigon mai. Mai gari ya yi ta ba ni haƙuri, wai baƙo ya zo lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Na ci ina jin kunya, don na san abin da aka ba ni ya fi abin da aka ci a cikin gida. Sauran kwanakin kwaɗon tafasa ne da rana, fura mai ruwa-ruwa da yamma. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matan garin. Mu a Tambuwal mace za ta gaishe ka a hanya ta wuce abinta, a asibiti ta sauke ɗanta a kan benci ko da wa ke wurin. A can in mace ta hango maza sai ta ratse, ta ja hijabi, ta sunkuyar da kai har ta wuce. Na ɗauki wannan abin kallo ne kawai, ban san shi ne rabin aikin da ya kawo ni ba.

Na yi sa'a ko rashin sa'a, washegarin isata ce ranar rabo. Saratu ta rame, ko tsiyar ba ta yi mini ba. Ta nuna mini na'urar: wani farin faranti a jikin ginshiƙin ƙofar waje, da akwati mai allo, da batirin hasken rana. An kafa ta a nan ne don nan sabis ke ɗan kamawa. Dab da ƙofar akwai bishiyar dogon yaro, inda dattawan gari ke zaman hantsi. Na buɗe akwatin na auna komai, lafiya lau. Na ɗauki sabuwar munduwa na wuce da ita, ta yi ƙara tun ban iso ba. Na ce wa Saratu na'urarta ƙalau take. Ta ce, "To zamna ka gani."

Na zauna cikin dattawa. Mata suka fara shigowa da sauri-sauri, kai a ƙasa. Wata ta wuce, ƙara. Wata ta wuce, shiru. Wata shiru. Na yi ta zargin batiri, na zargi zafin rana, na zargi ƙarfen ƙofar, na koma na sake aune-aune kamar wanda ya ɓatar da allura a rairayi.

Ana cikin haka Saratu ta kira ni baranda. Wata mata ce zaune ta juya mini baya, sunanta Hajara, daga wani ɗan ƙauye mai nisa take tahowa a ƙasa. Saratu ta kwance mata goyo. Yaron sunansa Sanda, ya isa tafiya amma ba ya yi. Gashinsa ya yi ja, fuska da ƙafafu sun kumbura suntum, in an danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Munduwar ta nutse a cikin kumburin har da kyar ake ganinta. Bai yi kuka ba, kallona kawai yake yi. Yana cikin waɗanda aka cire.

Hajara ta yi magana da bango, ba da ni ba. Ta ce, "A hwaɗa ma Malam, ban taɓa fashi ba. Ko ruwa aka yi nika zakkuwa. Ita abar ta ba ta son shi."

Saratu ta ba ta rabin rabon wani yaro, ta ce mata wannan kumburin ya wuce nan, sai babban asibiti a Kebbe. Hajara ta ce mijinta ya tafi neman abinci kudu, surukai kuma sun ce a dakata ya dawo. Ta mayar da goyonta, ta ɗaure da zane, ta ƙara da majanyi, ta saki hijabi ya rufe shi ruf har ƙafa. Saratu ta ce mini haka iyayen masu kumburi duka ke yi, saboda tsoron bakin mutane. Hajara ba ta jira azahar ba ta kama hanya, don hanyarsu ba a binta in rana ta karkata.

Sai da wurin ya watse, ina zaune ina juya munduwa a hannu cikin takaici, na lura da abu. In na riƙe ta da yatsu biyu tana reto, na'ura na jin ta daga nesa. In na dunƙule hannu a kanta, shiru. Na saka ta a hammata na matse na tsaya a gaban farantin, shiru. Na ce innalillahi. Abin da nake koya wa yara a aji ne, na zauna a kansa tun safe ban gan shi ba.

Munduwar ba ta da batiri. A cikinta akwai siririyar eriya, da 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar gero ba. Daga igiyar rediyon da farantin ke watsowa take samun ɗan ƙarfin da za ta amsa sunanta. Jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne mai gishiri, kuma ruwa shanye wannan igiyar yake yi. Ba shanyewa kaɗai ba: ita eriyar an yanka ta ne daidai da murya guda, in ta manne da tsoka sai muryar ta kauce, kamar yadda kalangu ke sauya sauti in an matse shi a hammata. Yaron da ya shigo da ƙafarsa, munduwa na reto, na'ura za ta gan shi. Goyo fa? Ƙafarsa na manne da kwiɓin uwa, gwiwar hannunta na kai, zane ya jiƙe da gumi bayan doguwar tafiya. Munduwar na tsakanin jiki biyu. Mai kumburi kuma ƙafarsa kanta ruwa ce, ta haɗiye munduwar. Wato duk yaron da ya fi jin jiki, wanda uwarsa ta fi ƙanƙame shi ta fi rufe shi, shi ne na'urar ta fi rashin gani.

Na yi wa Saratu bayani, ta zauna a kan dakali ta dafe kai. Da na gane da safe, da hannunta za ta ɗauki Sanda ta kai gaban farantin ta ɗaga munduwar da yatsa. Amma Hajara ta riga ta yi nisa.

Na hau wani tudu bayan masallaci inda waya ke kamawa, na kira ofishin ƙungiyar. Wani mai ladabi ya ɗauka, ya ce mini an gwada na'urar sosai kafin a kawo ta. Na ce a kan wa aka gwada? A kan tebur? Na ce ko akwai wanda ya taɓa ganin yadda macen ƙauye ke goyo a cikin waɗanda suka zana ta? Na ɗaga murya har masu alwala suka juyo. Ba laifinsa ba ne, na sani, amma shi ne a kunnena. Sai da na yi ta kira kwana da kwanaki kafin wani babbansu ya yarda da abu ɗaya: duk yaron da aka cire, in na'ura ta gan shi ranar rabo mai zuwa, za a mayar da shi.

Dabarata ta farko ita ce mata su riƙa kwance goyo a ƙofa. Mai gari ya dube ni kamar na zagi kakansa. Ya ce, "Malam, gaban maza? Wagga ba ta yiwuwa. Ko kai ka ce, ba su yi." Na ce to dattawa su tashi daga gindin bishiya. Wani tsoho ya ce tun kafin a haƙa harsashin asibitin suke zama a nan. Na ga in na biye musu sai kaka ta yi muna gardama. Sai na ce a mayar da farantin ɗakin mata, akwatin kuma a dawo da shi baranda, inda nan ma sabis ke ɗan leƙowa. Wannan aka yarda da shi, bayan an yi shawara da liman. Wayar ba ta kai ba, na yi ƙari da wadda na zo da ita, na naɗe da leda saboda ruwa. Muka tattara tsofaffin silifa, na yanka su ƙanana-ƙanana, don a riƙa cusa ɗan soso tsakanin munduwa da fata, ko tazarar ɗan yatsa ce tana taimako. Saratu ta aika wa Hajara saƙo ta bakin wata mai tallar daddawa: ko ana ha maza ha mata ta zo da Sanda ranar rabo.

Ranar ta zo da yayyafi. Ina baranda gaban allo, Saratu na ciki tana ɗaga ƙafafun yara ɗaya bayan ɗaya. Ƙara, ƙara, ƙara. Sunayen da aka cire suna dawowa kore a kan allo. Na ji wata tsohuwa a ciki tana cewa, "Ashe kunya abar taka ji, sai da anka kai ta ɗaka." Mata suka yi dariya, har Saratu ta leƙo ta taga ta ce, "Malamin tsumma, ashe kana da rana." Na ji sanyi a raina, amma idona na kan ƙofar waje.

Wajen hantsi na hango Hajara. Tun daga nesa na ga hijabinta ya sauka sumul a bayanta. Na ce wa kaina wataƙila wata ta ɗauko mata shi, na duba bayanta, ba kowa. Ta ratse dattawa kamar kullum, ta tsallako tsakar asibitin a hankali. Munduwar na hannunta, ta riƙe ta da yatsu biyu, an yanke ta da reza.

Ba ta kai bakin ɗakin ba na'urar ta yi ƙara. Sunan Sanda ya fito a allo, kore, an mayar da shi.

Saratu ta fito da gudu, ta tsaya cak. Hajara ta durƙusa ta miƙa mata munduwar. Ta ce, "Shekaranjiya Allah yak karɓi abu nai. Na ce in maido, kayan mutane na, kada a ce mun riƙe." Saratu ta karɓa, ta yi mata gaisuwa da muryar da ban san tana da ita ba. Hajara ta ɗan juya wajen akwatin, karo na farko da na ga fuskarta. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai ƙanwata ta ƙarshe ba. Ta ce, "Na ji ta yi kuka. Yau ta gane shi ke nan?"

Na sunkuyar da kai ina kallon filayata.

Ban ce na'ura ce ta kashe Sanda ba. Rai na Allah ne, kuma Saratu da kanta ta ce ko da cikakken rabo yaron na bukatar gado a babban asibiti. Amma makonnin da ya yi yana cin rabi, da wannan safiyar da na ɓata ina zargin batiri, sun tsaya mini a rai, kuma ban ga ranar da za su wuce ba.

Washegari Ɗan Ige ya zo ya ɗauke ni. Rafin ya janye, 'yan sa-kai suka gane ni suka ɗaga mini hannu, motar Tambuwal ba ta kafe ba. Ban taɓa yin tafiya mai sauƙi da ta yi mini nauyi irin wannan ba. Da na iso gida ƙaramar 'yata na bayan uwarta, ƙafafunta na reto, na daɗe ina kallonsu har maiɗakina ta tambaye ni ko lafiya.

Bayan 'yan kwanaki Saratu ta kira ni. Ta ce kwalaye sun iso, sun fi na kowane lokaci yawa, ba ta ƙara raba rabon kowa biyu ba. Na ce alhamdulillahi. Sai ta ce, "Nasiru, har da na Sanda a ciki. Cikakke, ba rabi ba."